Tsohon Jirgin Yaƙi Mai Rimot: Yadda Za Ka Sa Ya Sake Tashi

Ƙanena, idan tsohon jirgin yaƙi mai rimot ya shigo hannunka, ko gadonsa ka yi, ko a kayan gwanjo ka tsince shi, ko kuwa naka ne da ya daɗe a saman durowa yana shan ƙura, kada ka cire rai da shi. Yawancin irin waɗannan jirage suna gyaruwa. Katakon balsa da ake gina su da shi yakan yi shekaru lafiya lau, muddin bai sha ruwa ko mai ba. Abubuwan da ke mutuwa su ne batir, roba, gam da wayoyi, kuma duk ana samun sababbinsu.

Sharaɗin ɗaya ne: ka bi aikin daga ciki zuwa waje. Katako tukuna, sannan abubuwan da ke motsi, sannan rimot da inji. Fenti yana can kusa da ƙarshe. Abin da ke kayar da tsohon jirgi kusan kullum a ɓoye yake, inda ido ba ya kaiwa.

Zan yi maka misali da Spitfire, jirgin yaƙin Birtaniya da ya fara tashi a 1936, domin yana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya. Faɗin fukafukan na gaske ya ɗan haura mita 11. Wanda aka rage girmansa sau bakwai yakan kai mita 1.6, nauyinsa wajen kilo 4, da inji mai shan metanol. Idan naka Mustang ne, ko Corsair, ko Zero, matakan ba su canja ba.

1. Ɗauki hoto kafin ka kwance ko da sukuru ɗaya

Samu babban tebur, ka shimfiɗa tsohon bargo a kai. Balsa taushi gare shi, ko farce yana bar masa tabo.

Ɗauki hoton ko'ina da wayarka: cikin gangar jiki, inda kowace waya ta shiga, yadda tiyon mai ya bi. Nan da wata guda ba za ka tuna ba.

Ɗora jirgin a sikeli, ka rubuta nauyinsa a littafi. Burinka shi ne ka gama gyara bai wuce wannan nauyin ba.

Nemi zanen gininsa. Idan ka ga sunan kamfani a jiki, irin su Top Flite, Great Planes ko Kyosho, bincika littafinsa a intanet. Rumbun Outerzone ma yana da dubban tsofaffin zane kyauta. Abu biyu kake nema a ciki: wurin da nauyin jirgin ke daidaita, da iyakar motsin faifan tuƙi.

2. Kwashe komai, ka share

Cire fiffike, inji, tanki, batir, risiba mai karɓar saƙon rimot, da sarbo, wato ƙananan na'urorin da ke ja da tura sandunan tuƙi. Kowane rukuni da ledarsa, sukurorinsa a ciki, ka rubuta suna a jiki.

Haska tocila cikin gangar jiki har zuwa jela. Ɓera yana son yin gida a can, zanzaro yana gini a cikin salansa da ramin taya, gara kuma ba ta raina balsa. Idan ka ga garin katako yana zuba, bi sawunsa har ka ga inda ɓarnar ta tsaya.

Goge waje da tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan. Maiƙo kuwa sifirit ne maganinsa. Kada ka watsa wa jirgin ruwa.

3. Binciki katako da hannu, da kunne, da ido

Nan za ka fi daɗewa, kuma nan ne za ka san ko jirgin zai tashi.

Riƙe fiffiken da hannu biyu, ka ɗan murɗa a hankali, kunnenka a kusa. Idan ka ji ƙas-ƙas, akwai gam da ya saki ko haƙarƙari da ya tsage. Haska tocila ta ƙasa, inuwar haƙarƙarin za ta nuna ta cikin ledar rufi.

Duba azarar fiffike, wato dogon katakon da ya ratsa shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Shi ke ɗauke da jirgin a sama. Idan ya tsage, buɗe ledar, ka manna masa siririn filawud gaba da baya. Kada ka tsiyaya gam kawai ka rufe.

Kama bangon da ake ɗaure inji a kai, ka girgiza da ƙarfi. Bai kamata ya motsa ko kaɗan ba. Haka za ka yi wa jela, da katakon da ƙafafu ke ɗaure a jiki, da wurin da fiffike ke haɗuwa da gangar jiki.

Gam iri biyu za ka tanada. Sufa-gulu mai ruwa-ruwa don ƙananan tsaga a balsa. Gam mai haɗi biyu irin Araldite, wanda ke ɗaukar minti 30 ko fiye kafin ya kama, don bangon inji, ƙafafu da tsakiyar fiffike. Mai kamawa cikin minti biyar ba ya samun lokacin shiga jikin katako.

Yanzu tsaya a bayan jirgin, ka hango fukafukan biyu tare. Dole su zama daidai da juna. Idan ka ga gefen baya ya ɗan ɗaga sama a ƙarshen kowane fiffike, dama da hagu bai ɗaya, bar shi. Da gangan aka gina shi haka, don kada jirgin ya kife gefe guda idan gudunsa ya ragu. Idan ɓangare ɗaya ne kawai ya murɗe, murɗa shi baya, ka ɗumama ledar da na'urar busar da gashi, ka riƙe har ya huce.

4. Fitar da man da katako ya sha

Tsohon jirgi mai injin metanol da wuya ka same shi bai sha mai a hanci da ƙarƙashin tanki ba. Katakon yakan yi duhu, ya yi laushi, kuma gam ba ya kama shi.

Kwaɓa sitati da sifirit, ka shafa a wurin, ka bari ya bushe, ka kakkaɓe da burushi. Maimaita har sitatin ya daina canja launi. Ko ka ɗora takarda mai kauri, ka bi ta da dutsen guga mai ɗumi, takardar za ta tsotse man.

Bayan haka danna wurin da babban yatsa. Idan ya yi tauri, shafa masa gam mai haɗi biyu da ka tsinka da ɗan sifirit, ya zama kariya. Idan har yanzu yana lotsawa, yanke shi ka sa sabo. Ruɓaɓɓen katako ba ya komawa.

5. Ja kowane hinji

Faifan tuƙi iri uku ne. Na bayan fukafukai masu karkata jirgi, su ne masu harkar ke kira elaron. Na jela da ke kwance, mai ɗaga hanci da sauke shi, shi ne elabeta. Sai na jela da ke tsaye, mai juya hanci dama da hagu.

Kama kowanne ka ja da ɗan ƙarfi. Idan hinji ɗaya ya zame ko ya tsage, canja duk na wannan faifan. Tsufansu ɗaya, kuma na kusa da shi ma yana hanya.

Ƙananan maƙalan roba da ke haɗa sanda da faifai suna bushewa su karye. Canja su duka, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. A kan kowane sabo, zura ɗan yankin tiyo ya matse shi don kada ya buɗe a sama.

Girgiza faifan da yatsa bayan ka haɗa. Idan yana wasa alhali sanda ba ta motsa ba, nemo inda ya yi sako-sako. Faifai mai wasa yakan kama rawa idan jirgi ya ɗauki gudu, kuma cikin daƙiƙa biyu zai iya ɓallewa.

6. Batir, makunni da wayoyi: sababbi kawai

A nan babu gwaji. Tsohon batir na iya nuna maka cikakken caji a mita, ya mutu minti uku bayan tashi.

Fere robar baƙar wayar da ta fito daga tsohon batir. Idan tagullar ciki ta yi baƙi, wannan cuta ce da ke bin wayar tun daga batir har makunni, an fi ganinta a batir irin NiCd. Wayar da ta kamu ba ta shan dalma, ba ta kuma ɗaukar wuta yadda ya kamata. Cire layin gaba ɗaya, har da makunnin.

Sayi batir NiMH mai ƙwaya huɗu, volt 4.8, ko mai ƙwaya biyar, volt 6, idan sarbonka suna jure hakan. Naɗe shi da soso don girgizar inji.

7. Koma rimot na zamani

Idan rimot ɗin da ya zo da jirgin mai doguwar eriya ne, na tsohon zango ne: 72 MHz a Amurka, 35 MHz a Turai. Irinsu idan mutum biyu suka kunna a tasha ɗaya, saƙonsu yakan cakuɗe, jirgi ya faɗo. Ajiye shi don tarihi.

Sayi mai 2.4 GHz, wanda ya yaɗu tun tsakiyar shekarun 2000. Futaba, Spektrum, FrSky, FlySky da RadioMaster duk suna yi. Nemi mai tasha shida zuwa sama, kuma ka sayi rimot da risiba masu jituwa da juna.

Idan risibar mai eriya biyu ce, ɗaya ta miƙe, ɗaya ta gicciye. Nisanta su da batir, inji da duk wani ƙarfe.

Saita abin da jirgin zai yi idan saƙo ya yanke: totur ya koma ƙasa, faifai su koma tsakiya. Gwada ta hanyar kashe rimot, farfela a cire.

8. Gwada sarbo ɗaya bayan ɗaya

Kafin ka jona, duba jerin wayoyin. A yawancin sarbo, jar waya ce a tsakiya. Wasu tsofaffin na Airtronics jerinsu daban ne, idan ka jona kai tsaye za ka ƙona su.

Motsa sandar rimot a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Sarbo mai lafiya yana tafiya sumul, ya dawo tsakiya daidai inda ya baro. Riƙe hannunsa da yatsa kaɗan. Idan ya yi tsalle, ya yi karkarwa, ko ka ji haƙoran ciki suna zamewa, ya gama aiki.

Ko da duk sun ci jarrabawa, sa sabo a elabeta. Jirgi na iya sauka da matsala a wani faifan, amma ban da wannan.

9. Yanke shawara: mai ko lantarki

Tambayi kanka tun yanzu: ina zan riƙa samun mai? Man waɗannan injuna haɗi ne na metanol, naitiro kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, da man shafawa kashi 18 zuwa 20. Yana kama wuta, shi ya sa aiko shi daga waje ke da wuya. Idan ba ka da tabbatacciyar hanyar samunsa, koma lantarki, hankalinka kwance.

Idan lantarki ka zaɓa, lissafin mai sauƙi ne. Jirgin yaƙi yana son wat 220 zuwa 330 a kowane kilo. Mai kilo 4 ke nan yana buƙatar wajen wat 1,000, da batir LiPo mai ƙwaya biyar ko shida. Tura batir ɗin can gaba cikin hanci, ka buɗe wa iska hanyar shiga da ta fita.

LiPo ba ya son wasa. Cikakken cajinsa volt 4.2 ne a kowace ƙwaya, idan za ka ajiye shi kuma ka bar shi a 3.8. Yi caji a kan siminti ko cikin tukunyar ƙasa, kana wurin. Kada ka bar shi cikin mota a rana. Wanda ya kumbura ya tashi daga aiki.

10. Idan mai ka zaɓa, farfaɗo da injin cikin lallami

Injunan O.S., Saito, Enya da Super Tigre suna da ƙarko. Sau da yawa wanda ka ga ya ƙi juyawa bai lalace ba. Man zurma da ke cikin tsohon mai ne ya bushe ya daskare kamar ƙaro.

Kada ka sa filaya ka murɗa da ƙarfi. Cire fulogi, kafireta da marfin baya. Jiƙa injin cikin metanol ko sabon mai ya kwana. Da safe ɗumama shi da na'urar busar da gashi, ka ɗaura farfela, ka riƙa motsa ta gaba da baya kaɗan-kaɗan har ya saki.

Da ya fara juyawa, saurari boris. Idan kana jin gurzawa, tsatsa ta ci shi, sai ka canja. Mayar da fulogi ka juya farfela: ya kamata ka ji fistin yana matsa iska, ya wuce da ɗan tsalle.

Sa sabon fulogi. Mai lamba 8 na O.S. ya dace da yawancin injuna masu bugu biyu, mai harafin F kuma na masu bugu huɗu ne. Idan ka ba shi volt 1.5, zaren ciki ya yi ja wur.

Kwance allurar mai, ka wanke, ka busa ramin. Mayar da ita har ta tsaya ba tare da matsawa ba, sannan ka buɗe zagaye biyu don farawa.

Tanki kuwa, canja marfin roba da duk tiyo, na ciki da na waje. Tiyon ciki mai ɗan ƙarfe a baki ya riƙa lilo ba tare da ya taɓa bayan tanki ba. Toshe bakunan, ka busa iska, ka nutsa tankin cikin ruwa. Kumfa ko ɗaya na nufin yoyo.

Jefar da tsohuwar farfela, ko da ba ka ga tsaga ba. Tsohon mai ma haka, domin metanol yana tsotsar danshin iska.

Ta da injin a kan benci kafin ya koma jirgi. Yi amfani da sanda ko na'urar tayarwa, ban da yatsa. Duk gyaran allura daga bayan farfela za ka yi, kuma kada kowa ya tsaya a gefenta.

Gwaji biyu za su gaya maka gaskiya. Inji na aiki a hankali, matse tiyon mai: idan ya ɗan ƙara gudu bayan daƙiƙa uku sannan ya mutu, daidai ne. Idan ya mutu nan take, mai ya yi masa kaɗan. Bayan ka mayar da shi jirgi, ba shi totur duka, wani ya ɗaga hancin jirgin sama. Idan muryarsa ta faɗi, ƙara buɗe allura.

11. Gyara ƙafafu

Ƙafafun Spitfire kusa da juna suke, a na gaske da a ƙarami. Ɗan karkacewa kaɗan ya isa ya sa jirgin ya kauce hanya.

Tura jirgin a kan siminti. Ya tafi a miƙe, tayoyi suna juyawa ba tare da cijewa ba. Tayar soso da ta lotse saboda daɗewa a tsaye, canja ta.

Idan ƙafafun masu naɗewa ne, gwada su sau ashirin a jere. Su kulle a sama, su kulle a ƙasa. Masu aiki da iska, ka cika su ka bari awa guda, ka ga ko iskar ta zube. Idan ba su tabbata ba, kulle su a ƙasa har sai jirgin ya yi tashin farko.

12. Yanzu ne lokacin rufi da fenti

Ledar da ta yi yaushi, bi ta da dutsen guga mai matsakaicin zafi, ka sa masa safar auduga. Fara gwadawa a ƙarƙashin fiffike. Inda ta yage, yi faci da irinta, MonoKote ko Oracover, facin ya hau tsohuwar da rabin santimita.

Yi wa fenti rowa. Yawancin jikin jirgi yana bayan fiffike ne, kuma giram ɗaya a jela yakan ci giram uku ko huɗu na dalma a hanci. Shafi biyu marasa kauri sun isa. Idan injin mai ne, tabbatar fentin yana jure metanol.

Launin yaƙi an yi shi ne don jirgi ya ɓace wa ido, kai kuwa so kake ka gan shi. Ratsin fari da baƙi da jiragen ƙawance suka sa a fukafukansu a watan Yunin 1944, lokacin saukar sojojinsu a Normandi a Yaƙin Duniya na Biyu, yana taimakawa ƙwarai wajen gane sama da ƙasa daga nesa, kuma tarihi ne na gaske.

Idan launin hamada kake so, ruwan ƙasa da ruwan yashi a sama, shuɗi mai haske a ciki, shi ma yana da tushe. Daga 1940, a lokacin yaƙin, an riƙa haɗa jiragen yaƙin Birtaniya irin su Hurricane a Takoradi ta ƙasar Ghana ta yau, su bi ta Legas, Kano da Maiduguri, su ratsa Sudan zuwa Masar.

13. Daidaita nauyi, kada ka yi kasala

Wannan matakin shi ke raba jirgin da zai dawo da wanda ba zai dawo ba.

Haɗa komai yadda zai tashi. Tanki babu mai. Idan lantarki ne, batir a ciki. Auna daga gaban fiffike, kusa da gangar jiki, zuwa inda zane ya ce, ka sa alama dama da hagu.

Idan ba ka samu zane ba, fara da kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin fiffike daga gabansa zuwa bayansa. Fiffike mai santimita 36 a gindi, alamarka tana wajen santimita 9.

Jirgi mai fiffike a ƙasa, irin Spitfire, a kife ake auna shi. Ɗora alamomin a kan yatsu biyu. Ya tsaya a kwance, ko hanci ya ɗan sunkuya. Idan jela ce ta yi ƙasa, kada ka kuskura ka tashi. Jirgin da jelarsa ta yi nauyi ba ya jin magana, ko gwani ne ke tuƙi.

Fara da matsar da batir gaba. Idan bai isa ba, ƙara dalma can ƙarshen hanci, ka ɗaure ta da sukuru a bangon inji. Gam kaɗai ba ya riƙe dalma a inda inji ke girgiza. Jirage masu gajeren hanci, irin Zero, sun fi cin dalma, kada abin ya ba ka tsoro.

Sannan a ɗaga jirgin ta hanci da jela. Idan fiffike ɗaya yana rinjaya kullum, sa ɗan nauyi a ƙarshen ɗayan.

14. Gwajin ƙasa

Tsaya a bayan jirgin. Sanda dama: elaron na dama ya ɗaga, na hagu ya sauka. Jawo sanda: elabeta ya ɗaga. Faifan tsaye dama: ya karkata dama. Faɗi da baki kana yi, kuma ka maimaita kafin kowane tashi.

Saita iyakar motsi yadda zane ya ce. Idan babu zane, elabeta kada ya wuce milimita 10 zuwa 12 sama da ƙasa a jirgi mai wannan girma. Spitfire yana jin elabeta sosai. Sa laushin tsakiyar sanda, abin da rimot ke kira expo, wajen kashi 25 cikin ɗari.

Sa rimot a yanayin gwajin nisa, ka yi taku 30. Komai ya amsa sarai. Maimaita inji na aiki, wani na riƙe da jirgin. Idan wani abu ya yi karkarwa, tattara kayanka ka koma gida. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

15. Nemi izini da fili

Abu mai kama da jirgin yaƙi yana jan ido. A Najeriya, Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, ce ke tsara dokokin jirage marasa matuƙi, kuma Ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaron Ƙasa yana da hannu a izini. Tuntuɓe su kafin ka fita. Kowace ƙasa da tata hukumar.

Nisanci filin jirgin sama, bariki, gidan gwamnati da manyan wayoyin wuta. Gaya wa mai unguwa da 'yan sandan yankin abin da za ka yi. Ƙasashe da yawa sun sa iyakar tsayi a mita 120, ka riƙe wannan.

Fili ya zama shimfiɗaɗɗe, babu itatuwa a bakin hanyar sauka. Share duwatsu. Idan ƙura ta yi yawa, yayyafa ruwa inda za ka ta da inji, don ƙura tana cinye fistin. 'Yan kallo, musamman yara, duk su koma bayanka.

16. Tashin farko

Idan ba ka taɓa tuƙi ba, wannan ba jirgin koyo ba ne. Fara da manhajar kwamfuta irin RealFlight, sannan jirgin koyo mai fiffike a sama. Tashin farko kuma miƙa rimot ga wanda ya ƙware, ko da kai ma ka iya. Jirgin da ka sha wahala a kansa yakan sa hannu rawa.

Zaɓi safiya, iska a kwance. Hanci ya fuskanci iska.

Jawo elabeta kaɗan da farko don kada jirgin ya ci da baki. Ƙara totur sannu a hankali. Jirgin zai so kaucewa hagu saboda juyin farfela, tare shi da faifan tsaye zuwa dama. Da ya ɗauki gudu, saki elabeta, jela ta ɗaga, ka bar shi ya ƙara gudu. Kada ka fizge shi sama. Jirgin yaƙi da aka tilasta wa tashi ba gudu yakan kife gefe guda.

Hau sama sosai, ka daidaita shi har ya tafi a miƙe ba ka taɓa sanda ba. Can sama, rage totur, ka ga gudun da yake fara sanyi da inda yake karkata. Sanin wannan shi zai cece ka wajen sauka.

Sauko bayan minti huɗu ko biyar, da sauran mai ko caji. Yi kwana mai faɗi, ka bar ɗan totur har ƙasa, ka sauka a kan tayoyin gaba biyu. Idan layin bai yi maka ba, ƙara totur a hankali, ka sake zagayowa.

Da ya tsaya, bi duk sukurori, ka sake jan hinji, ka auna batir, ka rubuta abin da ka gani.

Abin da za ka yi gobe da safe

Share tebur. Ɗauki hotuna. Auna nauyi. Cire tsohon batir ka fitar da shi daga gida. Cire inji ka jiƙa shi. Sannan ɗauki tocila da biro, ka bi jirgin daga hanci zuwa jela, ka raba takarda gida uku: abin da za a jefar, abin da za a gyara, abin da za a saya.

Kada ka sayi komai tukuna sai ka gama binciken katako. Idan azara da bangon inji suna da lafiya, yi odar hinji, tiyo, batir da rimot a tashi ɗaya, don kuɗin aikowa ya zo maka da sauƙi. Kafin kayan su iso, ka ba manhajar koyon tuƙi minti ashirin kullum, ka fi mayar da hankali kan sauka.

Allah ya ba da sa'a, ƙanena.